Malamin da Ba a San Ƙofar Gidansa Ba

A ƙasar Hausa ta jiya, mai neman asiri shi ke yin tattaki. Yakan bari sai sawu ya ɗauke, ya zagaya ta bayan gari, ya yi sallama a ƙofar boka ko zauren malamin tsibbu yana waiwaye kada wani ya gan shi. A yau asirin ne ke yin tattaki zuwa wurin mutum. Ka buɗe TikTok ko Facebook, ka ɗan dakata a kan bidiyo guda na mai ba da laƙani, kafin gari ya waye an jero maka goma irinsa. Wannan yana koyar da hatimin farin jini, wancan yana bayanin turaren kiran aljani, wata kuma tana lissafa sunayen iskoki da abin da kowanne ke so a yanka masa. A ƙarƙashin bidiyon akwai lambar waya, a bayan lambar kuma akwai zauren WhatsApp da ba a shiga sai an biya.

Mu mutanen Gangara, a ƙaramar hukumar Jibiya, mun san abin da iyaka ke iya tarewa da abin da ba ta iyawa. An rufe iyakar Nijeriya a watan Agustan 2019, aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Buhun shinkafa ya tsaya a Magama, motar kaya ta kwana a Ɗan Isa, amma saƙon murya daga Maraɗi bai taɓa tsayawa a shingen kwastan ba. Ilimin asiri ya bi wannan hanyar da ba ta da shinge. Tambayar da ta dace mu yi ita ce: mutumin da ya koyar da bori ko tsafi ko sihiri ga dubban mutanen da bai taɓa gani ba, wane alhaki ke wuyansa? Ra'ayina shi ne nisan da ke tsakaninsa da masu karatunsa bai rage masa nauyi ba, ƙara masa ya yi, domin ya saki abin da ba ya iya bin sawunsa.

Yadda ake miƙa asiri a da

Kafin a yanke hukunci a kan sabon yayi, ya kyautu a duba tsohon tsari. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Barbushe, wanda ke zaune a kan Dala yana hidimar Tsumburbura. Shi kaɗai ke shiga wurin bautar, jama'a kuwa su tsaya a waje suna jiran abin da zai fito ya faɗa musu game da shekara mai zuwa. A wajen Maguzawa, tsafin gida gado ne. Maigida ne ke yin yanka ga iskokin zuriyarsa, kuma ɗansa yana koyo ne da ido, shekara da shekaru, kafin abin ya dawo hannunsa.

Bori ma haka yake. Ba a zama ɗan bori da karatu. Galibi ciwo ne ke kai mutum, sai a yi masa girka: a keɓe shi na kwanaki a hannun wadda ta riga shi shiga, a ba shi magunguna, masu garaya ko goge su yi ta kiɗan iskoki har a gane wanda ke tare da shi, ko Ɗan Galadima ne, ko Sarkin Rafi, ko Malam Alhaji, ko Inna. A nan kusa da mu ma abin yana da fada. Bayan mayaƙan jihadi sun karɓi Birnin Katsina a wajajen 1807, zuriyar sarakunan da aka kora suka yi arewa, suka kafa mulkinsu a Maraɗi. A can, sarautar Iya ce ke shugabantar 'yan bori, kamar yadda Inna ke yi a wajen Gobirawan Tsibiri. A ɓangaren malaman tsibbu kuwa akwai kundi, wanda malami ke ɓoyewa kamar ransa, ba ya ba almajiri laƙani sai ya yi masa hidima ya ga hankalinsa, sannan ya ba shi izini.

Ba ina yabon wannan tsari ba ne. Sirri ya sha zama jarin masu cin amana, kuma tsoron da aka gina a kansa ya cinye awakin talakawa da yawa. Sai dai akwai abu guda da ya tabbata a cikinsa: kowane asiri yana da mai shi, mai shi kuma yana da ƙofar gida. In maganin boka ya zautar da yaro, dangin yaron sun san inda za su je. In malami ya raba aure, unguwa ta san sunansa, mai unguwa na iya kiransa, a wani lokaci har garin ya gagare shi zama. Mai koyarwa yana kwana a gari ɗaya da sakamakon koyarwarsa, wannan kuma shi ne linzamin da ke bakinsa.

Ba waya ce ta fara ba

Kuskure ne a ɗauka cewa intanet ce ta fara raba malami da almajiri. Takarda ta riga ta. Misali mafi kusa ma ɗan ƙasar Katsina ne: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi hajji ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ya yi rubutu a kan hatimai na lissafi, ya kuma wallafa *al-Durr al-Manzum* a kan sihiri da ɗalasimai da taurari. Ya gargaɗi mai karatu da ya yi aiki a ɓoye, kada ya watsa abin ga kowa. Amma gargaɗin yana cikin littafi ne, littafi kuwa ba ya zaɓen hannun da zai ɗauke shi. Daga baya an buga shi a maɗaba'a, ya shiga kasuwa. Haka *Shamsul Ma'arif*, wanda ake dangantawa ga al-Buni, a da sai an sha wuya ake ganinsa, yau ana tura shi daga waya zuwa waya kamar hoton biki.

Turawa ma sun bi ta wannan mararraba. A 1951 aka soke tsohuwar dokar maita ta Ingila, a 1954 Gerald Gardner ya fitar da littafin da ya bayyana addinin da ake kira Wika. A tsarinsa ba a shiga sai ta hannun waɗanda suka riga ka, mataki bayan mataki, kusan kamar girka. A ƙarshen shekarun 1980 Scott Cunningham na Amurka ya rubuta jagora ga mai son yin addinin shi kaɗai ba tare da malami ba, littafin ya karɓu ƙwarai. Da intanet ta zo sai ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, kimanin mutum 74,000 sun ce suna bin addinin gargajiyar Turai da aka farfaɗo da shi, wasu kimanin 13,000 kuma suka ce su 'yan Wika ne. Har yau suna muhawara a tsakaninsu ko wanda ya koya daga allon waya ya cancanci sunan.

To me waya ta ƙara a kan takarda? Abu biyu. Na farko, littafi yana buƙatar mai iya karatu, sau da yawa mai iya Larabci, kuma wannan kaɗai yana tace mutane. Bidiyo da saƙon murya ba sa tace kowa. Na biyu, littafi yana jira ne a zo a neme shi, manhajar waya kuwa ita ke neman mutum. An gina ta ne ta auna abin da ke riƙe ido, ta ƙara yaɗa shi. Abin da ke riƙe ido kuwa shi ne tsoro da alkawari. Mai bayani cikin natsuwa zai sami masu kallo kaɗan, mai rantsuwa cewa buƙata za ta biya kafin kwana uku zai tara dubbai. Kasuwar da kanta take horar da malaminta ya zama mai cika baki.

Hujjar masu cewa a buɗe

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, don hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa wannan tarihinmu ne, kuma yana ɓacewa. Duk tsohuwar da ta mutu da kirarin iskoki a bakinta, ta tafi da kalmomin Hausa da sunayen itatuwa da salon kiɗa waɗanda ba za a sake samu ba. Abin takaici, mafi yawan abin da aka adana baƙi ne suka adana shi. Tremearne ya buga littafinsa a kan bori a 1914, daga binciken da ya yi a wajen Hausawan Tunis da Tarabulus. Joseph Greenberg ya rubuta nasa a kan Maguzawan Kano a 1946. Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazarin kwarin Maraɗi, Fremont Besmer kuma ya fitar da nasa a kan makaɗan bori a 1983. Duk da Ingilishi ko Faransanci suke, jikan wadda aka yi hira da ita ba ya iya karanta abin da kakarsa ta faɗa. Sai a baya-bayan nan masana irin su Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka yawaita rubutu da Hausa a kan bokanci da magani da al'ada. In haka ne, me zai hana ɗan Hausa ya bayyana wa ɗan'uwansa wannan tarihi a inda matasa suke taruwa yau?

Suna kuma cewa Maguzawa da Aznan Nijar mutane ne masu rai, 'yan ƙasa, kuma sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini da bayyana shi. An daɗe ana magana a kansu da sunan zagi, ba a cika barinsu su yi magana da bakinsu ba.

Na yarda da wannan hujja gwargwadon inda ta tsaya. Ni Musulmi ne, kuma matsayin addinina a kan sihiri da neman taimakon wanin Allah a fili yake, ba ya buƙatar kwaskwarima. Amma ƙin aikata abu daban ne da ƙin saninsa. Al'ummar da ba ta san abin da kakanninta suka bari ba, ba za ta fahimci darajar abin da suka karɓa ba, kuma ba za ta gane tsohon abu ba idan ya dawo mata sanye da sabuwar riga.

Tsakanin bayani da laƙani

A nan ne ake buƙatar rarrabewa. Akwai mai bayani, akwai mai ba da laƙani. Mai bayani yana gaya maka abin da mutane suka yi imani da shi da yadda suka yi. Mai laƙani yana ce maka ka yi kaza za ka sami kaza. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 102 ta Suratul Baƙara, ya ba da labarin Haruta da Maruta a Babila, ya nuna cewa ba sa koyar da kowa sai sun gargaɗe shi, ya kuma ambaci cewa abin da ake koya yana raba miji da mata. Ya faɗi labarin da illarsa, bai faɗi yadda ake yi ba. Ibn Khaldun a *Muƙaddima* ya ware babi a kan sihiri da ɗalasimai, ya yi nazarinsu a matsayin abin da ke faruwa a cikin al'umma, ya kuma bayyana hukuncin shari'a a kansu. Ba wanda ya ce ya zama boka don ya yi haka.

Gaskiya ne layin ba koyaushe yake fitowa sarai ba, domin bayanin da ya cika zurfi yana iya zama laƙani a hannun mai nema. Don haka ma'aunin ba ya tsayawa ga kalmomi kaɗai, yana komawa ga abin da marubucin ke so mai karatu ya yi bayan ya gama: ya fahimta, ko ya tura kuɗi?

Mai sayar da laƙani a intanet yana cikin tsaka mai wuya ta kowace fuska aka duba. In ya yi imani cewa abin nasa yana ci, to yana raba makami ne ga mutanen da bai san fuskarsu ba. A zaurensa guda ana iya samun uwargida da amarya na gida ɗaya, kowace ta biya don a mallake mata miji a kori ɗayar. In kuwa bai yi imani ba, ya san ƙarya yake sayarwa, sunan wannan sana'a damfara. Tsohon boka aƙalla yana kallon idon wanda ya zo, yana iya cewa wannan ba zan ba shi ba. Na waya ya sayar da wannan damar tun ranar da ya ɗora bidiyon.

Wane ne a ɗaya gefen?

Masu wannan sana'a suna yawan alfahari da zumuncin da ke tsakaninsu da mabiyansu: ana gaishe su, ana yi musu godiya, ana turo shaidar biyan buƙata. Ya kamata a tambaya su wane ne waɗannan mabiyan. Mai ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali ba ya neman lambar boka da tsakar dare. Mai nema ita ce matar da ta shekara goma ba haihuwa, dangin miji sun fara magana. Shi ne ɗan kasuwar da rufe iyaka ya karya masa jari. Ita ce uwar da ɗanta ke faɗuwa yana kumfar baki, ba ta san farfaɗiya tana da magani a asibiti ba. A yankinmu, inda 'yan bindiga suka raba ƙauyuka da mutanensu, shi ne saurayin da ke neman maganin bindiga don ya tsare gonar ubansa. An sha jin labarin waɗanda aka gwada wa irin wannan magani da harsashi na gaske, aka kai su makwanci.

Haɗarin ba na ruhi kaɗai ba ne. Wasu haɗe-haɗen suna ɗauke da tsirrai masu dafi irin su zaƙami, wanda in ya yi yawa yake gusar da hankali har ya kai ga kisa. Tsohon mai magani yana auna shi da hannun da ya saba, yana kuma zaune kusa da mai sha. A bidiyon minti guda ba ma'auni, ba mai lura. Hukumar NAFDAC tana da hurumi a kan tallan magunguna, dokar laifuffuka ta Arewa tana da sassa a kan tsafi da maita, amma wa za a kama, alhali mai lambar ya cire layi ya jefar, ko yana zaune a wata ƙasa?

Zumuncin gaskiya ana gane shi ne ranar da abu ya ɓaci. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In mai karatu ya dawo yana kuka ya tarar an toshe lambarsa, an goge sharhinsa don kada ya kori masu saye, to abin da ke tsakaninsu tun farko ciniki ne, kuma cinikin da ɓangare guda ne kaɗai ya san gidan ɗaya. Shaidun nasara ake bari a fili, na hasara ana share su, sai sabon shiga ya ga kamar kowa ya dace.

Abin da ya rage gare mu

Wasu za su ce a hana kawai. Hani yana da wurinsa, musamman a kan mai damfara da mai hana maras lafiya zuwa asibiti. Amma hani ba ya warkar da damuwar da ta kai mutum can. Tarihinmu yana da darasi a kan haka. Lokacin da Nana Asma'u 'yar Shehu ta ga matan karkara sun dogara ga bori wajen ciwo da baƙin ciki, ta kafa tsarin 'yan taru. Ta naɗa jajiyoyi, mata dattijai sanannu, ta ɗora musu malfa, alamar da aka san Innar Gobir da ita, suka riƙa kai karatu ƙauye-ƙauye suna dawowa da tambayoyin mata. Ta gane cewa mace ba ta barin wadda ke sauraronta sai ta sami wata mai sauraro. Jaji kuwa kowa ya san ta, ya san wadda ta aiko ta.

Abin da nake ganin ya wajaba a kan duk mai rubutu ko magana a kan waɗannan al'amura a intanet bai wuce wannan ba. Ya fito da sunansa na gaskiya da garinsu, yadda za a iya samunsa. Ya faɗi a wane matsayi yake magana, manazarci ne ko mabiyi. Kada ya yi alkawarin waraka ko arziki ko kariya daga harsashi. In an kawo masa ciwo, ya nuna hanyar asibiti. Bamaguje mai bayyana addininsa da gaskiya zai iya cika waɗannan sharuɗɗa, ni kuma in saɓa masa da hujja cikin mutunci. Ɗalibin jami'a mai tattara kirarin iskoki da yardar masu shi zai iya cika su. Mai rawani da carbi da ke sayar da hatimin mallaka a bayan sunan aro ba zai iya ba, ko da ya buɗe kowane bidiyo da bisimilla.

Mai karatu ma yana da nasa kason. Kafin ya tura kuɗi ko ya haɗiye wani abu, ya tambayi kansa tambayar da kakanninmu ba su buƙaci yi ba domin amsarta tana gabansu: in abin nan ya cuce ni, ƙofar wa zan buga? Malamai da limamai da ma'aikatan lafiya na garuruwan iyaka irin namu su ma su sani cewa duk tambayar da aka ji kunyar kawo musu, ko aka kawo suka amsa da tsawa, akwai wanda ke jiranta a waya da murmushi da lambar asusu.